Marka Mai Gangamau da Kajin Gummi Biyu

A layin masu kayan yaji na kasuwar Anka, kafin a kai rumfunan masu kaji, akwai wata dattijuwa da ke zama a kan kujera 'yar tsugunno, ƙafarta ta dama a miƙe saboda gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai. Sunanta Marka. Ana ce mata Inna Marka, ko Marka mai gangamau. Tafin hannunta da faratanta sun rine rawaya, ta ce ta daina wahalar da kanta wajen goge su tun tana da ƙuruciya. A kan faifanta akwai citta da kanumfari da kimba da masoro, amma gangamau, wanda wasu ke kira kurkur, shi ne abin da aka san ta da shi.

A Gwashi aka haife ta, cikin ƙasar Bukkuyum. Ba ta san shekarar ba, sai dai ta ce lokacin da aka bar fam aka koma naira tana goyon fari. Mahaifiyarta ce ta fara sana'ar, tana sayar wa dukawa masu rina fata da matan da ke son launi a shinkafa. Aure ya kawo Marka Anka. Mijinta manomi ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, da wannan faifan ta ciyar da su.

Yadda take aikinta bai canza ba. Fatake ke kawo mata busasshen saiwar gangamau daga kudu, mai tauri kamar ƙaho. Ta farfasa shi, ta shanya kwana biyu, ta daka a turminta, ta tankaɗe sau biyu. Ba ta taɓa kai shi injin niƙa ba, ko lokacin da sauran masu kayan yaji suka koma inji suna yi mata dariya. Dalilinta a wancan lokaci shi ne inji yana ƙona ƙamshi.

Duk wanda ya saya kuma sai ya saurari ka'idarta, ko yana sauri.

"Kada ki sha shi da ruwa. Ruwa ba ya kama shi. Ki narka man shanu kaɗan, ki zuba rabin cokali, ki barbaɗa masoro, sannan ki sa a kunu ko miya. In ba haka ba, kin zubar da abinki."

Ba ta yi wa kowa alkawarin abin da ya wuce ciwon gwiwa da kumburin ciki. Ko a kan gwiwar ma takan nuna tata ta ce, "Ga ta nan, bai warkar da ita ba. Ya dai sa ina iya salla a tsaye."

Cikin masu sayen kayanta akwai Philomena, wata nas 'yar kudancin Kaduna da ta fi shekara goma tana aiki a Anka. Marka na ce mata Sista, ita kuma tana ce mata Inna. Philomena ta ce ranar da ta fara jin wannan ka'ida ta tsaya tana kallon matar, domin abin da ke rubuce a littattafai ke nan. Sinadarin da ke sa gangamau rawaya ba ya narkewa a ruwa, kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke ratsa hanji ya shiga jini. Maiƙo yana taimaka masa, yajin masoro ma haka. Binciken da aka yi ya nuna yana iya rage wa wasu ciwon gwiwa, ba kowa ba. Mai tsakuwa a matsarmama, da mai shan maganin tsinka jini, da mai ciki, ana so su tambayi likita kafin su sha da yawa. Marka ba ta karanta ko ɗaya daga cikin wannan ba. Uwarta ce ta gaya mata a bakin murhu.

Ɗanta na uku, Surajo, ya bar gida a shekarar 2009 ya koma Tungar Daji, inda ake fasa dutsen zinariya, yana haɗawa da noma. A lokacin ana kawo dutsen har cikin gidaje, a niƙa shi a irin injin da ake niƙa hatsi, mata su daka ragowar a turmi, yara na rarrafe a kan ƙurar. Ba wanda ya san dutsen cike yake da dalma. A bazarar 2010 yara suka fara jijjiga suna mutuwa, a Tungar Daji da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har ɗaruruwa. Ɗan Surajo na fari yana cikinsu. Aka bar shi da matarsa Zaliha da jaririyarsu Saude.

Da likitocin agaji suka zo aka ɗebi jinin Saude, injin awon bai iya faɗin lamba ba, domin gubar ta wuce iyakar abin da yake karantawa. Aka sa ta a magani. Ƙwaya ce mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ana buɗe ta a zuba garin a ɗan kunu a ba yaro na tsawon makonni, a huta, a sake awon jini, in lambar ba ta sauka yadda ake so ba a sake komawa. Dalma tana maƙalewa a ƙashi ta riƙa dawowa cikin jini a hankali, shi ya sa lambar kan sauka ta sake hawa. Duk lokacin da za a yi zagayen magani, Zaliha da Saude sukan sauka a gidan Marka. Haka aka yi shekara biyu. Zuwa daminar 2012 lambar Saude ta sauko arba'in da takwas, kuma likitoci na son ta yi ƙasa da arba'in da biyar ta tsaya can kafin su sallame ta daga shan ƙwayar.

A wannan daminar ce Shitu ya bayyana. Farar mota gare shi, da lasifika biyu a kan rufinta, da farar rigar likita, kuma Dakta yake kiran kansa. Ya ce daga Kaduna yake. Abin da yake sayarwa kafso ne a cikin fararen robobi masu rubutun Turanci. Ga abin da lasifikarsa ke faɗi, kamar yadda mutane da dama suka maimaita:

"Iyaye, ku daina yarda da lamba a takarda! A ba yaro biyu da safe, biyu da rana, biyu da yamma, da ruwa zalla. Gobe uwa ta duba kashinsa. In ta ga rawaya, to zinariyar da ta shiga jikinsa ce take fita. Ido zai gani!"

Baƙo a yankin zai yi mamakin yadda wannan magana ta kama mutane. Amma a nan kowa ya san cutar daga dutsen zinariya ta fito, kuma kowa ya san launin zinariya. Mutanen da suka saba wanke ƙasa a tasa suna jiran ɗan ƙyallin rawaya ya fito a gindinta, su ne aka ce su duba kashin 'ya'yansu. Suka duba, suka ga rawaya jawur. Asibiti kuwa ya shekara biyu bai nuna musu komai ba sai rubutu.

Saura kwana uku a fara wa Saude sabon zagaye, Surajo ya iso gidan uwarsa a kan babur da robar kafso a aljihu, ya ce Zaliha ta haɗa kaya. Marka ta karɓi robar, ta ɓare ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ta shinshina, ta lasa.

"Wannan gangamau ne."

"Inna, maganin waje ne. Dubi rubutun."

"Ni kaka gaya ma gangamau? Gangamau ne, kuma ba mai kyau ba, an gauraya shi da garin rogo."

"Ko mi ne ne, shina aiki. Ɗiyan makwabcina sun sha, na gani da idona. Shekara biyu ana ba mu lamba, yau ta sauka gobe ta hau. Yarinyar ga in ta ji warin maganin ga sai ta yi amai. Gona na can ba mai taya ni, matata na nan. Na gaji, Inna."

"Ka gaji, ita ba ta gaji ba? Ka manta wanda munka rufe?"

Surajo ya juya. Ya ɗauki Saude ya ɗora a kan tankin babur. Zaliha ta tsaya a ƙofar ɗaki da ƙullin kaya tana kallon surukarta, ta ce a hankali, "Inna, ya zan yi?" Marka ta ce mata ta bi mijinta, ta ɓoye katin asibitin inda ba zai jiƙe ba.

A makon nan kasuwar Marka ta buɗe fiye da kullum. Labari ya bazu cewa abin da ke cikin kafson yana kama da nata, kuma nata ya fi sauƙi. Mata suka riƙa zuwa daga ƙauyuka. Duk wadda ta zo sai Marka ta tambaye ta me za ta yi da shi. Wadda ta ce na miya ne ko na gwiwa ta auna mata. Wadda ta ce na guba ne, sai ta rufe kwanon da faifai ta ce babu.

"Ga shi nan ina gani, Inna!"

"Na sayarwa ne, amma ba gare ki ba. Ki kai ɗanki asibiti."

Wasu suka zage ta. Maƙwabciyarta mai daddawa ta ce mata ba ta taɓa ganin mai kaya na korar mai saye ba. Shitu da kansa ya zo wajenta da yamma ana tashi kasuwa, ya tsuguna ya gaishe ta da ladabi, ya ce yana so ta riƙa daka masa buhu-buhu, shi ya san yadda zai yi da shi. Ta ce masa ya tashi daga gaban faifanta yana tare mata iska. Washegari ta gaya wa duk wanda ya zo abin da ya nema, aka ce hassada ce, tsohuwa ta ga wani ya fi ta ciniki da kayanta.

Sai ta tafi wajen Philomena. Nas ɗin ta ce yara goma sha ɗaya ba su zo ranar awonsu ba, an tura mutane ƙauyuka sun yi bayani, iyaye sun ce su sun gani da ido.

"Sista, shin abin ga shina fid da dalma ko kaɗan?"

"Ba a taɓa nuna yana fitar da ita daga jikin yaro ba, Inna. Rawayar da suke gani shi kansa garin ne. Ya shiga ta baki, jini bai ɗauke shi ba, ya fita ta ƙasa yadda ya shiga. Ita dalma ma ba rawaya ba ce. Wadda maganinmu ke fitarwa kuma ta fitsari take bi, ido ba ya ganinta."

Marka ta yi wata 'yar dariya. Ta ce shekara talatin kajinta ke tsattsagar tsakin gangamau a gindin turmi, kuma shekara talatin tana share kashin kaji rawaya a tsakar gida, bai taɓa zuwa mata a rai cewa zinariya take sharewa ba.

Ranar kasuwa ta gaba ta fito tun da hantsi da kwanduna biyu, da fararen buhuna biyu, da kwanon dusa. Ta wuce rumfarta ta nufi layin kaji, wajen Lauwali, wani dillalin kaji da ke zuwa daga Gummi duk mako. Ta ce ya zaɓo mata kaji biyu da hannunsa, cikin waɗanda ya sauke daga mota a safiyar nan, kuma ya biyo ta. Ta shimfiɗa buhunan a ƙasa taku biyar daga motar Shitu, inda layin mata ya riga ya fara tsawo.

"Jama'a, ga Lauwali kun san shi. Lauwali, kajin ga daga ina?"

"Daga Gummi, Inna. Da asuba munka ɗauko su."

"Sun taɓa fasa dutse?"

"Sai dai in a ɓoye suka yi ban sani ba."

Aka yi dariya, aka fara matsowa. Marka ta karɓi robar kafso daga hannun wata mata da ta saya yanzu, ta ce za ta biya ta, ta sa matar da kanta ta ɓare shida a cikin rabin dusar. A ɗaya rabin ta zuba cokali ɗaya na garinta. Ta yayyafa ruwa ta cuɗa. Kajin sun yi doguwar tafiya ba ci, suka afka wa dusar. Da suka cinye ta kife kowace da kwando a kan farin buhu, ta jawo kujerarta ta zauna tsakaninsu, ta miƙe ƙafa.

Shitu ya kashe lasifika ya zo.

"Hajiya, lafiya? Nan wurin aikina ne."

"Kasuwa ta, ɗan nan. Na riga ka zama cikinta da shekara talatin."

"Me kike jira a nan?"

"Zinariya. An ce kana fid da ita, na kawo kajina a fid mani. In ta yi yawa in yi 'yan kunne."

Shitu ya koma ya kunna lasifika, ya ce akwai tsofaffin da ba su je makaranta ba, masu baƙin ciki da ci gaba, kada a kula su. Marka ba ta da lasifika. Duk wanda ya tsaya sai ta sake bayanin daga farko, kaza ta dama ta ci na Dakta, ta hagu ta ci nata, a jira a gani. Rana ta take. Wani mai shayi ya kawo mata laima, ta ce a kare kajin da ita. Layin matan bai watse ba, amma ya daina tafiya, domin kowacce ta ce bari dai ta gani tukuna. Wani mahauci ya riƙa zagayowa yana leƙa kwando yana cewa, "Inna, in ta fito a tuna da mu."

Bayan azahar Surajo ya iso kasuwar, ya zo sayen wata robar. Ya tarar da taro, ya kutsa, ya ga uwarsa zaune a rana tsakanin kwanduna. Ya sunkuya kusa da kunnenta.

"Inna, don Allah tashi mu tahi. Kina ba mutane abin faɗi."

"Tsaya nan. Don kai nika zaune."

Gab da la'asar ta ce wa Lauwali ya ɗaga kwandunan. Ya kama kajin ya riƙe su ta ƙafa. A kan buhunan biyu akwai kashi, duka rawaya, har ya fara rina farin buhun. Na dama da na hagu ba su da bambanci. Mahaucin ya ɗauki buhu ɗaya ya ɗaga sama ya zagaya da shi.

Shitu bai rikice ba. Ya ɗauki makirfo ya ce, "Alhamdu lillahi! Ai ta taimake ni. Wannan shi ke nuna muku gubar ta game ƙasar nan gaba ɗaya. Kajin nan ma suna ɗauke da ita, ga magani ya fitar!"

Wasu suka fara gyaɗa kai. Marka ta ce a lokacin ta ɗauka ta yi zaman banza. Amma Lauwali ne ya riga ta magana.

"Kajin wa ke da guba?"

"Malam, ba kai nake nufi ba, ƙasar ce..."

"Kajina kac ce! A lasifika! Ina da kaji tamanin a rumfa, wa za ya saye su yanzu? Kai, ku zo ku ji, wai kajin Gummi guba gare su!"

Kafin a ce haka layin kaji ya taso gaba ɗaya, da masu ƙwai, da masu gasa kaza. Shitu ya ce a yi haƙuri, ba haka yake nufi ba, kajin lafiyarsu lau. Lauwali ya ce to in lafiyarsu lau, mene ne wannan a kan buhu? Marka ta dafa kafaɗar wata mata ta miƙe, ta miƙa wa Shitu ragowar robar.

"Abu mai sauƙi ne, Dakta. Kai daga Kaduna kaz zo, ba ka taɓa fasa dutse ba. Haɗiye goma, ga ruwa. Gobe mu ba ka farin buhu, dattawa biyu su raka ka bayan gari. In bai fito rawaya ba, ni Marka na bar kasuwar ga har abada."

Dariyar da aka yi har masu awon hatsi suka jiyo. Shitu ya ce shi ba zai tsaya ana ci masa mutunci ba. Mutanen sarkin kasuwa suka zo suka raba taron, suka ce masa ya fi masa alheri ya tafi. Ba wanda ya taɓa shi. Daga baya an ce an ga motar a wasu kasuwannin yamma, lasifikar na faɗin abin da ta saba.

Surajo bai sayi robar ba, amma bai yi wa uwarsa sallama ba. Abin da kawai ya ce shi ne, "Kin tara mani jama'a, Inna. Kowa ya san da ni kike." Ya hau babur ya tafi.

A cikin kwana huɗu da suka biyo baya, Philomena ta ce yara bakwai daga cikin goma sha ɗayan sun dawo. Saude ba ta cikinsu. A rana ta biyar Marka ta rufe faifanta, ta ɗauki ɗan acaɓa zuwa Tungar Daji. An yi ruwa, hanyar ta lalace, sau biyu tana sauka ta taka cikin laka da sanda. Da ta isa ba ta shiga gidan ba. Ta shimfiɗa gyalenta a ƙofar zaure, a waje, inda kowa ke wucewa, ta zauna. Zaliha ta fito da ruwa a kwano, Marka ta ce ba ta sha. Saude ta fito da gudu ta faɗa jikinta, Marka ta ce, "Ƙawata, kin rame," ta zaunar da ita a cinya.

Aka je gona aka kira Surajo. Ya tarar da maƙwabta sun fara tsayawa nesa-nesa.

"Inna, shiga ciki mu yi magana."

"Ba ni shiga. Ba ni cin abincinka, ba ni shan ruwanka. Nan zan zauna har ka ba ni ɗiyar ga."

"Ɗiyata ce."

"Kai kuma ɗana ne. Da kac ce ka koma fasa dutse ban hana ka ba. Da kak kwashe su daga gidana ban riƙe ka ba. Wannan kam ba ni bari. In kunya kaka ji, ka ce tsohuwa ce tam matsa maka, kowa ya san halina."

"To in an koma lambar ta sake hawa fa? Har yaushe?"

"Ban sani ba. Sista ma ba ta sani ba, kuma ba ta yi mani ƙarya tac ce ta sani ba."

Surajo ya sauke fartanya daga kafaɗa. Ya shiga gida. Zaliha ta ce zama ya yi a bakin gado, sannan ya tambaye ta ina katin. Ta ciro shi daga cikin kwanon da ta kife a bayan tukwane, a naɗe cikin leda. Ya fito ya tayar da babur ɗinsa ya ce Zaliha da yarinyar su hau nasa, Inna ta bi ɗan acaɓanta.

Washegari da safe aka ɗebi jinin Saude. A cikin mako uku da ta yi a ƙauye ba magani, lambar ta tashi daga arba'in da takwas zuwa sittin da ɗaya. Philomena ta ce wataƙila ba rashin ƙwayar kaɗai ba ne, domin Surajo na dawowa gida da kayan aikinsa a jiki, ƙurar na zuba inda yarinyar ke wasa. Ta faɗi haka a gabansa, bai musa ba. Surajo bai iya karatun boko ba. Ya karɓi katin ya ce ta nuna masa wace ce ta da, wace ce ta yau, ta ɗora yatsa a kan kowace. Ya tambaya yaushe za a sake awo, ta gaya masa. Ya ce shi zai kawo su.

Aka fara zagayen a ranar. Saude ta yi amai a cokalin farko, aka jira, aka sake ba ta. Sai da aka yi zagaye uku, aka shiga sabuwar shekara, kafin lambar ta yi ƙasa da arba'in da biyar ta tsaya. Surajo bai bar aikin dutse ba, amma ya riƙa wanka da canza riga a wurin aikin kafin ya doshi gida. Saude ta makara wajen yin magana, kuma har ta shiga aji ɗaya a shekarar 2015 malaminta na cewa sai an maimaita mata abu sau uku. Likitoci sun riga sun gaya wa iyayenta cewa abin da dalma ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba ya komawa duka. Tana zuwa makaranta kullum daga gidan kakarta, kuma ranar da aka ba ta allo ta rubuta sunanta, Surajo ya zo daga Tungar Daji ya gani.